Yadda ake gina korarren jarumi a wasan kati, tun daga laifin da ya yi har ranar da za a juya katinsa

Daren Asabar ɗin da ya wuce muna zaune teburin mai shayi a Agege, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, kowa ya kunna tocilan wayarsa ya jingina da gwangwanin madara, sai wani ƙanenmu ɗan unguwa ya zaro kati daga aljihu, ya zana shi da biro a bayan kwalin sukari, ya ce Yaya duba mini wannan. Mu dai mun kusa shekara muna fama da haɗa wasan kati namu na kanmu, irin na duniyar tatsuniya mai jarumai da dodanni, kuma bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya fara mini wa'azi, ba karta ta caca ba ce, ko sisi ba a sakawa. Jarumin nasa an kore shi daga garinsu bai ci ba bai sha ba, ya shiga daji ya samo ƙarfi, ya dawo zai ƙone garin ƙurmus. Bugu 9, rai 9, wato ƙarfin dukan da yake yi da yawan dukan da zai iya sha kafin ya mutu. Na ce masa ƙanena wannan ai ba mutum ka zana ba, gobara ka zana. Ya ɗan ɓata rai, to shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto yadda ni nake bi, ko wani ma zai amfana.

Abin da za ka fara yi, ka ajiye jarumin gefe tukuna, ka gina garin da ya kore shi. Mutane da yawa nan suke tsallakewa. Korarre ba ya zama korarre sai da mai kora, kuma in garin nan na banza ne, duk mutanensa azzalumai, to barinsa ai hutu ne, ba wanda zai ji zafin komai. Garin ya zama wuri ne da kai kanka za ka so zama a cikinsa, mai ganuwa da kasuwa da marina da ƙofar da ake rufewa da magariba, sannan ka ba shi doka ɗaya tak wadda mutanensa suke gani ita ce ke riƙe da ransu. A namu wasan garin cikin fari yake, rijiya ɗaya ce ke ba da ruwa, akwai kuma wata tsohuwar rijiya a bayan fada da kakanni suka rufe da faifan dutse suka ce kada a kuskura a buɗe. Duk Bahaushen da ya ji haka zai tuna Kusugu ta Daura da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ba sai na yi dogon bayani ba, kuma amfanin ɗauko abu daga gida kenan, rabin aikin an riga an yi maka.

Daga nan sai laifi. Nan ne nake so ka daɗe. Ruwa ba ya tsami banza, jarumin nan ya zama da gaske ya aikata abin da aka kore shi a kai. Sharri zalla ba ya ɗaukar wasa da nisa, don ranar da gaskiya ta fito labari ya ƙare, kowa ya ba shi haƙuri a tashi. Amma in ya yi ɗin, kuma dalilinsa na yi mai kyau ne, to ka samu igiyar da za ka ja har ƙarshe. Tamu jarumar mace ce, 'yar masu haƙar rijiya, na sa mata suna Ayashe, irin sunan da ake sa wa 'ya'yan wabi, a nuna kamar an yasar da yaro ba a damu da shi ba don ya tsaya. Ka ga tun daga sunan an riga an yar da ita sau ɗaya. Ƙaninta ne ƙishirwa ta kwantar, layin rijiyar gari bai zo kan gidansu ba sai bayan kwana biyu, cikin dare ta je ta ture faifan dutsen nan ta zura guga. Yaron ya sha ya tashi. Amma wani abu ya biyo igiyar ya fito, kafin sati dabbobin gari suka fara faɗuwa. To yanzu faɗa mini wa za ka ba gaskiya, ita ko mai shanun da ya wayi gari garkensa a kwance? In kai da kanka ka kasa yanke hukunci nan take, laifin ya yi. In ka yanke cikin sauƙi koma ka sake.

Sai ka rubuta abin da aka raba shi da shi, da sunansa, abu ɗaya da za a iya taɓawa da hannu. Kar ka rubuta "ya rasa komai", komai ba ya zanuwa a kati. Ayashe an karɓe gugar ubanta an tsinke igiyar a bakin ƙofar gari, ƙanin kuma aka riƙe shi a ciki. Shi kenan, wuce gaba.

Yanzu ga babban aikin, me yake so. Nan ne muka yi musu da ƙanen nan nawa har shayi ya huce. Shi a wurinsa duk wanda aka mayar saniyar ware fansa yake nema. Na ce masa ɗaga kai ka dubi teburin nan. Wanda ke gefenka daga Hadeja ya zo, wancan daga Maraɗi, ni kaina ba nan aka yanke mini cibi ba, ba korarmu aka yi ba amma mun san ɗanɗanon a kira ka aboki da wata irin murya a cikin danfo, motar hayar Legas, mun san yadda mai gidan haya ke canja fuska in ya ji sunanka. Lokacin da aka hana acaba a manyan sassan Legas a 2022 yara nawa muka gani sun ɗaure kaya? A cikinsu wa ka ji yana cewa zai ƙone gari? Mutum kuɗin da zai tura gida yake lissafi, da ranar da zai koma da sallah a ce wane ya dawo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Wanda aka ware yawanci wurin zama yake nema. Fansa tana zuwa, amma daga baya, in wurin zaman ya gagara.

Saboda haka ka raba takarda gida biyu. A hagu ka rubuta abin da jarumin ke faɗa da bakinsa, a dama abin da ke cinsa a ciki wanda ba zai faɗa ba ko an sa masa wuƙa. Ayashe a baki tana cewa ita ba ruwanta da garin, ƙaninta kawai za ta ɗauko ta ƙara gaba. A ciki kuwa so take ta rufe rijiyar da ta buɗe, wani dattijo ko ɗaya ne ya ce mata sannu. Waɗannan biyun dole su yi karo wata rana, don ɗauko yaron yana nufin fasa ganuwa, rufe rijiyar kuma yana nufin kare ganuwar. In buƙatun biyu hanya ɗaya suke bi to ba ka da labari, tafiya kawai gare ka.

Masu Magic: The Gathering, wasan katin da Richard Garfield ya ƙirƙira kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, suna da wata dabara da ke taimakawa a nan. Launi biyar suka raba komai a kai, fari na tsari da zaman jama'a, shuɗi na ilimi da lissafi, baƙi na son kai da neman iko, ja na 'yanci da zafin zuciya, kore na yarda da yadda halitta take. Ba sai ka kwafi launukan ba, amma ka tambayi kanka garin wane iri ne, jarumin wane iri ne. Garinmu fari ne sol, doka ita ce uwa ita ce uba. Ayashe ja ce, zuciya ta ce tashi ta tashi. Da ka gano haka rigimar da kanta za ta riƙa rubuta kanta.

To duk wannan da muka yi har yanzu a littafi yake, kuma wallahi ba wanda zai karanta shafi uku na tarihin jaruma a teburin mai shayi ana jiran ya sauke kati. Mataki na gaba shi ne ka mayar da halin nan doka. Abin da katin ke yi a kan tebur shi ne halinsa, sauran duk ado ne. Dubi Whot da muka tashi muna bugawa. Kowane kati yana da dangi, da'ira ko tauraro ko kuros da sauransu, sai mai lamba 20 shi kaɗai ba shi da dangi, yana sauka a kan kowa, ya kuma juya wasan inda ya ga dama, amma in aka tashi ƙirga yana hannunka maki 20 ne a wuyanka. Ba a rubuta masa labari ko layi ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san halin bare, ana buƙatarsa ana kuma tsoron a kama ka da shi. Irin wannan nake nufi.

Ga yadda muka yi wa tamu. Teburin wasanmu kashi biyu ne, cikin gari da bayan ganuwa. Wannan ma aro ne, a Magic akwai wurin da ake ajiye katin da aka fitar daga fili, tun 2009 sunan da suke kiransa ma'anarsa kora ce, mu sai muka mayar da wurin fili na gaske da ake zama a ciki. Katin farko sunansa Ayashe Korarriya, farashinsa 2, wato makin da za ka kashe kafin ka sauke shi, bugu 1, rai 3. Doka ta farko, ba ta sauka cikin gari, bayan ganuwa kawai. Ta biyu, in ita kaɗai ce a wurin bugunta ya ƙaru da 1. Ta uku, in abokin wasa ya kai wa wani katinka na cikin gari hari, kana iya sa ta tare, ta sha dukan a madadinsa. Karanta su a jere ka gani. An hana ta shiga, kaɗaici ya ƙara mata kaifi, amma duk da haka jikinta take sa wa mutanen da suka kore ta. Ban rubuta tana kewar gida ba, wanda ya buga ta sau biyu shi zai faɗa maka. Kuma kar ka wuce doka uku a katin farko, fili ma ba zai isa ba, ga shi mutum yana karantawa da hasken waya.

Ka lura na sa ta da rauni. Da gangan ne. Wanda ya fara da 9 ina za shi kuma?

Sai girma. Hanya mafi sauƙi ita ce kati mai fuska biyu, a cika wani sharaɗi a juya shi. Magic sun fara irin waɗannan a 2011, a 2015 kuma suka fitar da jarumansu biyar a haka, gaba yarinta baya girma, kuma sharaɗin kowa daga halinsa aka ciro shi. Chandra, yarinyar da garinsu ya haramta irin wutar da ke jikinta, tana juyawa ne in ta yi ɓarnar maki 3 a zagaye ɗaya. Kytheon, wanda ya tashi a unguwar baƙi yana jagorantar yaran titi, ba ya juyawa sai ya kai hari tare da wasu aƙalla biyu. Ita da ƙuna take girma, shi da jama'a. To kai ma sharaɗin da za ka sa kar ya zama "bayan zagaye huɗu", lokaci ba ya girmar da kowa a wasa, aiki ne zai girmar da shi, kuma aikin ya zama mai ciwo.

Mu da yake takardarmu gida biyu ce sai muka yi mata hanya biyu, da murfin lemo muke ƙirgawa, Baba mai shayi ke tara mana su a gwangwani. Duk sanda ta tare wa ɗan gari duka ta rayu, a ɗora mata kore ɗaya. Duk sanda ta kashe wani kati tana ita kaɗai, a ɗora ja. Wanda ya fara kai uku shi ya ci. In kore ne a ɗauke ta a sa Ayashe Mai Tsaron Rijiya, bugu 2 rai 5, an buɗe mata ƙofa, kuma duk katin da ke kusa da ita ransa ya ƙaru da 1. In ja ne a sa Ayashe Uwar Fari, bugu 5 rai 2, ba ta ƙara tare wa kowa, kuma a farkon kowane zagaye sai katinka ɗaya na cikin gari ya rasa rai 1, naka fa, ba na abokin wasa ba. Abin da ya kamata ka riƙe a nan, kowace hanya akwai abin da ta ƙwace. Wadda ta koma gida ta rasa kaifin nan na kaɗaici har abada, wadda ta zaɓi daji ta rasa gidan. In juyawa ƙari ne kawai ba ragi to ba girma ba ne, ƙiba ce.

A nan ne ni ma na sha ƙasa, bari in tona kaina. Farkon da na rubuta ta, ƙarin kaɗaicin nan 3 na sa ba 1 ba, wai don a ji tausayinta a kuma ji tsoronta. Muka buga dare guda cur, ba wanda ya taɓa sa ta tare wa kowa duka ko sau ɗaya, kowa ya bar ta bayan ganuwa ita kaɗai tana sarar mutane da bugu 4 a farashin 2, murfi ja na taruwa, kafin ka ce kwabo ta zama Uwar Fari. Wani abokinmu mai gyaran waya ya kalle ni ya ce Malam, kai ka ce tana son komawa gida, amma katin nan naka biyanta yake ta zauna a daji. Gaskiyarsa. Na rubuta abu ɗaya a labari na rubuta kishiyarsa a lamba, kuma a kan tebur lamba ake ji. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana kenan, kuma ni ne gugan. Muka rage shi zuwa 1, muka ƙara ran Mai Tsaron Rijiya, sai ga shi mutane sun fara tsayawa suna tunani da murfi biyu kore biyu ja a gabansu. Wannan tsayawar ita ake nema. Ranar da ka ga mutum ya riƙe kati yana cizon leɓe, ana ce masa buga mana kai muke jira, to ta samu.

Yadda za ka gwada naka ba wuya. Ka ba mutum biyu da ba su san labarin ba su buga, kai ka yi shiru, kar ka yi bayani ko sun yi kuskure, ka riƙa rubuta wace hanya aka bi a kowane wasa. Ku yi kamar goma. In hanya ɗaya ake ta bi kusan kullum, lambobinka ne suka karkace, gyara su ɗaya bayan ɗaya, kar ka canja abu biyu lokaci guda don ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Bayan an gama ka tambaye su wace irin mutum ce wannan. In amsarsu ta yi kusa da abin da ke gidan dama na takardarka, ka ci. In suka ce ai mai ƙarfi ce kawai, da sauran aiki.

Kar ka bar ta ita kaɗai a cikin tarin kuma. Korarre yana buƙatar katuna biyu ko uku da ke jan sa, ɗaya ciki ɗaya waje. Mun yi katin ƙanin, mai rauni ƙwarai, bugu 0 rai 1, yana cikin gari, in ya mutu duk korayen murafan da ke kanta su koma ja nan take. Mun yi wata tsohuwa mai sayar da itace a bayan ganuwa, in tana fili Ayashe ta rasa ƙarin kaɗaici amma tana samun rai 1 kowane zagaye. Sai Sarkin Ƙofa, wanda shi ya tsinke igiyar, muddin yana raye sai kore huɗu za a buɗe mata maimakon uku. Shi ma ban yi shi mugu ba, shanunsa ne suka fara mutuwa.

Rubutun ƙasan kati, ɗan layin nan na ado da ba ya cikin doka, mu kirari muke sawa, don me za mu je aro alhali muna da abin da ya fi. Layi ɗaya ya isa, kuma ya canja tare da ita. Na farko mun sa "Guga ba igiya, wa ya aike ki rami". Na Mai Tsaron Rijiya, "Ta buɗe da hannu ɗaya, ta rufe da biyu". Na Uwar Fari har yanzu muna gardama a kai. Wata shawara kuma, in za ka ɗauko abubuwan gargajiya irin su layar zana ko baduhu ko maganin tauri, ɗauko su a matsayin kayan tatsuniya, amma ka bar ayoyi da sunayen Allah da duk abin da ya shafi ibada nesa da kati, abu ne da za a jefa a tebur, ya faɗi ƙasa, shayi ya zube a kai. Haka zargin maita, in za ka sa shi ka tuna akwai mutanen da aka raba da garuruwansu da gaske saboda shi, kar ka mayar da shi abin dariya.

Zane shi ne na ƙarshe, kuma ba sai ka iya ba. Abu ɗaya ka riƙe ya bi ta a duk katunan uku. Namu guntun igiyar nan ce, a na farko tana ɗaure a wuyan hannunta, a na biyu an ƙulla ta da sabuwa tana cikin rijiya, a na uku ta zama bulala. Girman kati irin na Magic milimita 63 ne a 88, guda tara ke shiga takardar A4 ɗaya, uku a jere sau uku, kowane shagon kwamfuta zai buga maka, ka yanka da almakashi ka manna a kwali. Kar ka yi gaggawar zuwa Shomolu wurin masu injin buga takardu, can sai an gama gwaji lambobi sun zauna, in ba haka ba za ka biya kuɗin kati mai sheƙi ka dawo kana goge lamba da biro, mu ma saura ƙiris mu yi hakan da bugu 4 ɗin nan.

Ƙanen nan nawa ya dawo jiya da kwalin nasa. Jarumin nasa yanzu ɗan maharba ne da ya harbi abin da aka ce kada a harba, bugu 2 rai 2, ya goge 9 ɗin har kwalin ya huje. Ya ce amma Yaya shi fa har yanzu yana so ya ƙone garin. Na ce ba laifi, bar masa, amma je ka rubuto mini wa ya bari a ciki, ka kawo ranar Asabar mu buga.